Yadda ake haɗa adon ƙofa mai siffar malam-buɗe-littafi da raga

Da yawa daga masu koyar da adon raga a intanet za ki ga suna ɗura gam a ko'ina kamar ba gobe. A Makka, Madina ko Jidda wannan dabara ba ta kai mutum ko'ina. Lokacin bazara ma'auni kan haura digiri 45 a Makka, ƙofar ƙarfe kuwa idan rana ta dake ta tun hantsi ko hannu ba ya iya taɓa ta. Gam ɗin bindiga, wanda masu shago a nan ke kira musaddas shama, da zafi aka narkar da shi, da zafi kuma yake sake saki. Mako biyu ko uku sai ki tarar da fiffike ɗaya ya sunkuya, ganyayyakin ragar da aka liƙa suna zuba a bakin ƙofa. Saboda haka adon da za mu haɗa a nan ɗaure shi ake yi tun daga farko har ƙarshe. Gam ba zai shigo ba sai a wuri ɗaya ko biyu da babu nauyi.

Girman da za mu fitar kusan santimita 60 ne a faɗi, 55 a tsawo, daidai da ƙofar falo, bangon ɗakin amarya ko bayan kujerar mai jego ranar suna. Kafin ki sayi komai, idan wata za ki yi wa, ki tambaye ta ko gidansu suna rataye abu mai siffar mai rai. Wasu gidajen ba sa so ko da babu ido babu baki, kuma ra'ayinsu ne. Idan haka ne, ganyayyakin ragar da za mu naɗe dai su ne za su ba ki fure mai zagaye, allon da ake ɗaure su a kai kawai za ki sauya wa yanka.

Kayan aiki, da irin ragar da ba ta yi

Ragar da ake nufi ta roba ce mai ɗan tauri, tana zuwa a naɗe. Wadda aka fi samu faɗinta inci 10 ne, wato santimita 25, tsawon naɗi ɗaya kuma yadi 10, wato mita 9 da 'yan kai. Akwai mai faɗin inci 21, amma wannan aiki ba ya buƙatarta. Ki nema a shagunan fure da naɗe kyauta, da shagunan kayan biki, ki ce shabak na ado. Idan kika ce tul za a miƙo miki ragar rigar amarya, wadda ba ta da ƙashi, ko kin naɗe ta kwantawa za ta yi. Ki gwada ta tun a shago. Ki damƙe gefenta a tafin hannu ki saki, idan ta miƙe ta koma yadda take to ta yi, idan kuwa ta tsaya a yamutse ki bar musu abinsu. Ki kuma ɗaga ta sama ki duba saƙar. Mai manyan ramuka takan tona allon da ke bayanta, sai an ninka ta biyu, ga asarar raga. Mai ƙaramin ido ta fi tsada, ta kuma fi rufi.

Naɗi uku za ki saya, kala uku: mai duhu don bakin fiffike, matsakaiciya, da mai haske don ciki. Ganye 50 za mu yi, kowanne daga yanka mai santimita 25 a kowane gefe. Mai duhu 24, matsakaiciya 16, mai haske 10. Naɗi ɗaya yana ba da yanka 36, kin ga za a sami ragowa, kuma za ki buƙace ta, don na farko-farko sai sun lalace kafin hannu ya faɗa.

Sai allon da za a ɗaure su a kai. Mafi kyau shi ne allon roba mai ramuka a cikinsa kamar kwali, irin wanda masu buga allunan talla ke amfani da shi, mai kaurin milimita 4, girman santimita 50 da 45 ya isa. Kwalin katan zai yi idan adon kwana ɗaya ne, amma raɓar Jidda ta watan Agusta da Satumba za ta jiƙa shi ya lanƙwashe. Allon soso na 'yan makaranta kuma ɗauri yana yaga shi.

Abin ɗaurin shi ne siririyar robar nan mai haƙora da masu aikin lantarki ke tattara wayoyi da ita, wadda idan an ja ba ta komawa baya. Ki sayi mai tsawon santimita 10, guda 120 ko sama. Baƙar ta fi farar jure rana, farar takan bushe ta karye. Ki haɗa da ƙarfen nana dalma na masu gyaran rediyo, kawiya a bakin masu shago, mai wat 30 ko 40, da faffaɗan tayil ko gilashi mai kauri, da rula ta ƙarfe, da almakashi, da filaya, da maka, wato alƙalamin nan mai kauri na yin alama. Na jikin malam-buɗe-littafin kuwa ki leƙa wurin masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki ki karɓi guntun baƙin soson nan da suke rufe bututun tagulla da shi, santimita 26. Don zafi aka yi shi, ba ya nauyi, kuma sau da yawa a ƙasa ake zubar da guntayensa. Ragowar kayan su ne ribbon mita 2 da za ki samu wurin masu kayan ɗinki a kasuwanni irin Utaibiyya a Makka ko Balad a Jidda, waya mai kaurin milimita 2 rabin mita, da ƙyalle mai kauri na rufe baya.

Allo

Kada ki zana fukafukai biyu da hannu, ba za su taɓa zuwa ɗaya ba. Ki ninka babbar takarda biyu, ki zana rabin jikin a jikin ninkin, ki yanke, ki buɗe. Awon rabi ɗaya: ki bar santimita 2 da rabi daga ninki don jiki, fiffiken sama faɗinsa 20 tsawonsa 22, na ƙasa faɗinsa 15 tsawonsa 16. Idan kin buɗe za ki sami faɗin 45 da tsawon 38.

Tsakanin fiffiken sama da na ƙasa akwai lungu, kuma wannan lungun shi ne malam-buɗe-littafin gaba ɗaya. Ki zurfafa shi fiye da yadda idonki ke so, ya shiga ciki aƙalla santimita 9, bakinsa a buɗe kamar 8. A takarda zai yi kama da an wuce gona da iri. Amma ganyayyaki za su fito waje da allon da kusan santimita 8 ta kowane gefe, su cinye lungun. Wadda ta yi ƙaramin lungu takan gama aiki ta ja baya ta ga kabeji rataye a bango.

Wajen ɗora takardar a kan allo ki lura da inda ramukan cikinsa suka dosa. Allon nan yana lanƙwashewa cikin sauƙi a bin layin ramukansa, amma yana da taurin kai idan aka gitta su. Ki sa layukan su kwanta daga fiffiken hagu zuwa na dama. Idan suka tsaya daga sama zuwa ƙasa, nauyin fukafukai zai ninke allon a tsakiya daidai inda jiki yake, ya rufe kamar littafin da ake ce wa malam ya buɗe.

Yanzu alamar ramuka, a kan takardar tun tana ninke, don huda ɗaya ta ba ki hagu da dama. Fiffiken sama sahu uku ne: na waje wuri 7, santimita 2 daga baki, tazarar kusan 6 tsakaninsu, na biyu wuri 5, santimita 5 daga sahun farko zuwa ciki, na uku wuri 3. Fiffiken ƙasa 5, 3, 2, tazarar sahu santimita 4 da rabi. Kowane wuri a sahu na biyu ya faɗa tsakanin biyu na sahun farko, kamar jerin bulo, don ya rufe gindinsu. Kada ki sa wuri a cikin lungun nan, ki tsaya santimita 3 kafin bakinsa. Kowace alama rami biyu ce, santimita 1 tsakani, a jere da bakin fiffike. Ki huda da bakin kawiya, taɓawa ɗaya ta isa. Ki ƙara rami huɗu a layin jiki, biyu sama biyu ƙasa, da biyu a saman fukafukai na ratayewa. Idan allon fari ne kuma ragarki mai duhu ce, ki fesa masa fenti kalar ragar waje ki bar shi ya bushe, ko da wani wuri ya leƙo ba za a gane ba.

Yankan raga

Nan ne aikin ke cin lokaci, nan ne kuma ake gane wadda ta iya. Ragar nan saƙa ce sakwa-sakwa, almakashi na ratsa ta sai zare ya fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ya tsayawa. Zafi kuwa yana yanka yana liƙe bakin zaren a lokaci guda. Ki shimfiɗa ragar a kan tayil, ki auna 25, ki danne da rular ƙarfe, ki ja bakin kawiya a jikin rular. Saurin jan kamar na mai ja layi da biro a natse. Idan kin yi gaggawa wasu zaruruwa ba za su yanke ba, ki ja su su warware. Idan kin yi nawa bakin zai narke ya dunƙule ya yi baƙi, ya riƙa karce hannu. Robar da ake yin irin wannan raga da ita tana narkewa ne a wajen digiri 160, kawiya kuma ta fi haka zafi nesa ba kusa ba, don haka ba a dannawa, shafawa ake yi. Ki ajiye jiƙaƙƙen tsumma kusa kina goge bakin ƙarfen duk bayan yanka biyar ko shida.

Hayaƙin roba ba abin shaƙa ba ne. Kada ki yi wannan a ɗakin da aka rufe aka kunna na'urar sanyi, iskar ɗakin ce take ta juyawa. Ki hau saman bene bayan la'asar ko ki zauna bakin taga a buɗe, yara kuma su yi nisa. Idan kawiya ta ƙi yin zafi sosai kuma tsohon gini kike, ki duba soket ɗin, don har yanzu akwai gidajen da ke da layin bolt 127 tare da na 220.

Raga tana naɗewa da kanta, musamman ta can ƙarshen naɗi. Ki jera yankakkun a kife, ki ɗora musu tire ko littafi mai nauyi kafin ki gama sauran.

Naɗin ganye

Ki ajiye yanka ɗaya da kusurwa tana kallonki, gefen da ke naɗewa yana sama. Ki ɗauko kusurwar nesa ki haɗa da ta kusa, kamar yadda ake ninka ɗankwali kafin a ɗaura. Yanzu ninkin yana can nesa, tsinin yana wajenki. Daga nan hanya biyu ce.

Ta farko tana ba da ganye mai tsini. Ki kamo kusurwar hagu da ta dama ki sauko da su kan tsinin da ke wajenki, kamar naɗin sambusa. Duk bakin da aka yanka ya taru a ƙasa ke nan, sama kuwa ninki ne zalla, babu zaren da zai fito. Ki tattare ƙasan da yatsu, ki ɗaure da roba santimita 3 daga ƙarshe. Tsawon ganyen zai kama 14. Ta biyu tana ba da mai zagaye: bayan ninkin ɗankwali, ki bi bakin yanka kina tattarewa da yatsu daga kusurwar hagu, ki bi ta tsini, ki ƙare a ta dama, ki ɗaure. Ninkin zai lanƙwaso ya yi kamar cokali.

A ganinmu fiffiken sama ya fi kyau da masu tsini, na ƙasa da masu zagaye, don haka halittar take idan kin lura da ita. Amma idan wannan ne karonki na farko, ki tsaya kan iri ɗaya. Abin da ya fi salo muhimmanci shi ne su zo daidai. Ki ja layi biyu a kan kwali, tazarar 14, kina auna kowane ganye kafin ki ƙarasa jan ɗaurin. Bambancin santimita 1 a hannu ba ya ganuwa, a bango kuwa shi ido zai fara kamawa. Ki ja robar da filaya har sai gindin ya daina juyawa tsakanin yatsunki, ki datse jelar a gindinta. Ki gama ganye 50 ɗin duka, ki ware su kala-kala, kafin ki taɓa allo.

Ɗauri

Ki fara da sahun waje, kalar duhu. Ki zuro roba daga bayan allo ta rami ɗaya, ta hau kan gindin ganye daidai saman ɗaurinsa na farko, ta koma ta rami na biyu, ki kulle a baya. Kada ki ja ta ƙarshe tukuna. Ɗaurin farko shi zai tokare, ya hana ganyen zamewa waje.

Ba a gama fiffike ɗaya sannan a koma ɗayan. Ki ɗaura ɗaya a hagu, ki ɗaura ɗan'uwansa a dama, ki ci gaba a haka. Hannu yana sauyawa yayin aiki, ɗaurin da kika yi da farko ba irin na bayan awa ɗaya ba ne, idan kika raba su gefe-gefe sai fiffike ɗaya ya fito a tsuke ɗayan a baje. Kowane ganye kuma tsininsa ya kalli waje, kamar an ja zare daga tsakiyar jiki ya bi ta kansa. Na saman fiffiken sama su nufi sama da gefe, na ƙasan fiffiken ƙasa su nufi ƙasa da gefe. Biyun da ke bakin lungu ki ɗan kauda su daga juna, na sama ya ɗaga, na ƙasa ya sunkuya, don lungun ya tsira.

Idan sahun waje ya cika, ki jingina allon a bango ki ja baya taku biyar ki duba. Hoto a waya ya fi ido faɗin gaskiya, ki ɗauka ki kalla. Ki gyara wanda ya karkace, sannan ki bi su duka ki ja ɗaurin har ƙarshe. A nan ma da sauƙi-sauƙi: idan kika ja har allon ya lotsa tsakanin ramukan biyu, wata rana zai yage. Sahu na biyu da na uku haka za ki bi da su, kowanne ya rufe gindin na gabansa da kamar rabin tsawonsa. Inda kika ga allo yana leƙowa, kada ki cusa ƙarin ganye barkatai. Ki fara buɗa ganyayyakin da ke kusa da yatsu. Idan bai rufe ba ki huda sabon wuri, ki kuma huda irinsa a ɗaya gefen ko da can bai nuna ba.

Gindin sahu na ƙarshe zai taru a tsakiya ya yi tudu. Ki rage jelar da almakashi, ki shafa mata kawiya ta liƙe, don jiki ya sami wurin kwanciya.

Jiki da ƙahonni

Ki tsaga soson bututun a tsaye ki cire kamar sulusinsa, bayan ya zama shimfiɗaɗɗe. Ki fere ƙarshensa na ƙasa ya yi siriri. Ki naɗe shi da ribbon daga ƙasa zuwa sama, kowane zagaye ya hau rabin na baya, ki soke farko da ƙarshe da allura da zare. Santimita 5 daga sama ki ɗaure da zare da ƙarfi, wuya ya fito, kai ya ware. Wayar rabin mita ki lanƙwasa ta biyu, ki naɗe kowane baki a jikin maka sau biyu ya yi ƙawanya, ki soka gindin cikin kan har santimita 6. Nan ɗigon gam ɗaya ba laifi, tunda soso ya riga ya riƙe. A Jidda da Yanbu ki nemi waya mai rufin roba, gishirin iskar teku yana sa tsirarar waya tsatsa, tsatsar kuma ta zubo kan raga mai haske. Ki ɗaure jikin ta ramuka huɗun nan, ki haɗa roba biyu baki da baki idan ɗaya ta gaza, ki ɓoye ɗaurin da guntun ribbon.

Duwatsu masu ƙyalli da lu'ulu'un roba ɗinka su ake yi da zaren kamun kifi. Kaɗan sun isa, uku ko biyar a kowane fiffike. Ga mai yin kore da fari don ranar ƙasa ta Saudiyya, 23 ga Satumba, kalar kawai ta wadatar, kada a liƙa tuta a jiki, don Kalmar Shahada ce a kanta, ado kuwa ƙarshensa sito ko kwandon shara.

Baya, ratayewa da ƙura

Bayan allon yanzu cike yake da kawunan roba masu kaifi, za su karce fentin ƙofa, su kuma yanki hannu. Ki datse su ƙasa-ƙasa, ki yanka ƙyalle mai kauri da takardar awonki, ki ɗinke shi a gefe-gefe ta ramukan da ke akwai. Igiyar ratayewa ta bi ta ramuka biyun sama, kada ta zama ɗaya a tsakiya, in ba haka ba duk buɗe ƙofa sai adon ya juya. Ƙugiya mai manne ba ta daɗewa a ƙofar waje, manninta ma zafi ke kashe shi. Ƙofar ƙarfe ƙugiya mai maganaɗisu take so, ta katako kuma wadda ake saƙalawa ta saman ƙofa, musamman a gidan haya da ba a son ƙusa. Idan ƙofar tana bugawa da iska ki ƙara ɗan maganaɗisu ko zare a ƙasa.

Rana kai tsaye tana cin kalar raga, daga baya ta busar da ita ta riƙa marmashewa. Ja da shuɗi mai duhu su ke fara koɗewa. Ƙofar da ke cikin bene ko ƙarƙashin rumfa ba ta da wannan damuwa. Ƙura kuwa babu inda ba ta shiga. Duk mako ki busa da na'urar busar gashi a kan iska mai sanyi, kada ki kuskura ki sa mai zafi. Bayan guguwar ƙura ki cire jikin da ƙyallen baya, ki watsa wa sauran ruwa a banɗaki, ki girgiza, ki rataye a inuwa. Mai gam ba ta isa ta yi haka ba.

Idan za ki kai wa mai shi, ki sa a kwali mai faɗin santimita 65 da zurfin 15, a kwance, fuska sama, kada a ɗora komai a kai. Ki riƙe shi a kujerar baya inda sanyi ke kaiwa. But ɗin motar da aka ajiye a rana daga azahar zuwa la'asar ya isa ya sa ganyayyakin da suka danne su kwanta a yadda suke, kuma raga idan zafi ya kwantar da ita ba ta sake miƙewa, sai dai ki yanke ɗaurin waɗanda abin ya shafa ki sa sababbi daga ragowar da kika ajiye.